Malam Zakariyya'u, Wanda Ya Bi Man Ƙosai Har Makera

Duk mai bin titin Nasarawa da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ana idar da sallar asuba zai sha kokonsa, ya rataya tsohuwar jakar nan mai rakoda da littafi da biro biyu, ya hau babur ɗinsa da sai an lallaɓa shi yake tashi. Ba ofis zai nufa ba. Zai tsaya wajen masu keke ya ji abin da ya kwana, ya leƙa kasuwar Kakuri, ya gangara Barnawa, wata rana har Kamazou in an ce masa kwalbati ya rufta. Sai hantsi ya dubi ludayi yake hawa benen ƙaramin gidan rediyon FM ɗin nan namu, ya zauna ya tace abin da ya kwaso. Ƙarfe huɗu na yamma kuwa, a shagona da kowane shago a layinmu, muryarsa za ka ji: "Jama'ar ƙetaren kogi, barkanmu da war haka. Ga abin da na je na gano."

Malam Zakariyya'u ke nan, mai shirin "Daga Bakin Titi". Shekara ashirin da uku yana wannan yawo, ƙarshen watan nan zai ajiye rakoda, don gwiwa ta ce ta gaji. Ni Bello ne, tela. Waɗanda suka san ni sun san ban iya yabo ba, a tsiya na ƙware. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma ina da wani dalili nawa na kaina wanda za ku ji yanzu.

Malam yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In ka kawo masa labari da zafinsa, zai bar ka ka gama tas, sannan ya dube ka ya ce, "Ka je? Ka gani?" Na sha tsokanarsa a kan haka. Wata rana da ya kawo gyaran aljihu na ce, "Malam, kafin ka gama zuwa ka gani ai labarin ya yi jikoki." Ya yi dariya ya ce, "Bello, kai kana yanka yadi kafin ka auna?" Na ce wannan daban. Ya ce to.

Bara da damina ɓarayi suka zuƙe man taransifomar wani layi a Barnawa. Mako biyu babu wuta, masu firji suna kuka, masu walda suna zaune, ran kowa a ɓace. Taku kaɗan daga shingen taransifomar nan akwai wata mata, Rebecca, 'yar Pankshin, kowa Maman Vicky yake ce mata. Shekara goma sha huɗu tana suyar ƙosai da doya a wurin, tun da masaƙa ta sallami mijinta. Sai wani ya ɗauki hoton jarkar manta jingine da shingen, ya saka a WhatsApp, ya rubuta cewa ga wadda take sayen man sata tana soya wa mutane guba.

Saƙon ya iso wayata ina cikin ɗinki. Ban je ba, ban gani ba. Na tura shi guruf uku, har da ƙarin nawa a ƙasa: "Allah ya tona asirinta." Ni da na sha cin ƙosanta duk ranar da na kai ɗinkin 'yan makaranta Barnawa! Wallahi ko yanzu da nake rubutawa kunya nake ji.

Cikin kwana uku ko kare bai tsaya gaban kaskonta ba. Samarin layi suka ce in ta sake hura wuta za su kife mata mai a ƙasa. Mai unguwa ya aika mata cewa ta nemi wani wuri kafin ƙarshen mako, don a zauna lafiya. Mace ta wayi gari, wurin sana'arta da sunanta duk suna shirin tafiya.

Eunice, wadda take kula da na'urori a gidan rediyon, ita ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Manaja ya shigo da waya a hannu ya ce, "Malam, duk gari ana maganar nan, mu kaɗai muka yi shiru. Ka saka ta a shirin yau." Malam ya ce, "Ban je ba tukuna." Manaja ya ce ai ga hoto. Malam ya ce, "Na ga jarka, na ga shinge. Ban ga abin da ke cikin jarkar ba." Ya ɗauki jakarsa ya sauka. Ranar, in ji Eunice, maganar ramukan titi ya yi har shirin ya ƙare, manaja yana ta cika yana batsewa.

Washegari Malam ya isa Barnawa. Godwin mai faci, wanda rumfarsa take kusa da ta Maman Vicky, a gabansa aka yi, shi ya ba ni labari. Malam ya tarar da ita zaune gaban murhu babu wuta. Ya ce, "Madam, sannu da aiki."

Ta ce, "Wane aiki, Baba? Ka zo ka ɗauki muryata ne a ƙara zagina? Abeg, ka bar ni."

Ya ce, "Rakodar tana cikin jaka, ban kunna ba. So nake ki kai ni inda kike sayen mai."

Ta miƙe tsaye. Sannan ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki jarkar, ta shiga keke, shi kuma ya bi ta a baya da babur har Makera, gidan Inna Tagwai mai ƙuli-ƙuli. Inna tsohuwa ce, wayarta ta kira ce kawai, ba ta ma san wainar da ake toyawa ba. Ita al'adarta, kowace mai sayen mai tana da nata launin tsumma da take ɗaura wa hannun jarka, don kada su cakuɗe. Na Maman Vicky ja ne. Malam ya buɗe hoton da ake yaɗawa ya ƙara girmansa, sai ga jan tsumman nan ɗaure, ƙiri-ƙiri, a hoton da mu dubbai muka kalla ba mu lura ba.

Bai tsaya nan ba. Ya koma wurin mai unguwa, ya bi samarin ɗaya bayan ɗaya: wa ya gan ta da ɓarayi? Wannan ya ce wancan ne ya faɗa masa, wancan ya ce a waya ya gani. Har ya ƙure layin bai samu mutum ɗaya da ya gani da idonsa ba.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu, maimakon ɗakin watsa shiri, sai muka ji shi kai tsaye daga bakin titi, ga ƙarar keke, ga mai yana tafasa. Ya faɗi inda ya je da wanda ya tambaya. Sannan ya sako muryar Inna Tagwai, kuma jama'a, tsohuwar nan ta yi faɗa! "Man nawa ne na taransifoma? Gyaɗar da nake soyawa da hannuna? Yarinyar nan shekara goma sha huɗu tana zuwa gidana Litinin da Alhamis. Wanda ya ƙaga mata wannan, shi da Allah!" Da ta gama sai Malam ya ce, "Wanda ya saci man taransifoma ban san shi ba, ba kuma zan yi zato ba. Abin da na sani shi ne abin da ke cikin kaskon nan. Madam, zuba mini." Sai muka ji ƙarar tauna. Can ya ce, "Yajin ya ɗan yi yawa, amma wannan tsakanina da ita ne."

Yaran layinmu suka fashe da dariya. Ni kuwa ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki, na kasa ɗaga kai.

Malam Zakariyya'u, kai ne ka ƙona manka ka bi jarka har Makera saboda matar da ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba, ba ta kuma da abin da za ta ba ka sai ƙosai. Kai ne ka yarda a kira ka mai nawa, da dai ka yi sauri ka tozarta baiwar Allah. Dattijo mai ƙafa kafin baki! Mu da muke zaune ƙetaren kogin nan mun san abin da jita-jita ta taɓa jawo mana, mun kuma san darajar mutumin da in ya ce "na gani", masallaci da coci duk su yarda.

Masu saye ba su dawo rana ɗaya ba, a hankali suka riƙa dawowa. Mai unguwa ya janye maganarsa. Ni dai na daina bin layin, sai in zaga ta baya. Da abin ya ishe ni na sami Malam na faɗa masa abin da na yi. Ya ce, "Ni ka yi wa laifi, Bello? Barnawa ba nisa." Sai da na yi wata da watanni ina jan ƙafa. Makon jiya, da na ji zai yi ritaya, na ce ba zan rubuta masa ko layi ɗaya ba sai na je.

Na same ta tana juya ƙosai, mutane a tsaye suna jira. Na bari suka ragu, na ce, "Maman Vicky, ina cikin waɗanda suka tura saƙon nan. Ki yafe mini."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Oga tela, na sani tun ranar. Vicky ta nuna mini, har da addu'ar da ka ƙara." Na rasa inda zan sa kaina. Ta tsame ƙosai ta zuba a takarda ta miƙo mini, ta ce, "Ya wuce. Amma ka je ka gode wa Baba. In ba don shi ba, da yau ka zo neman gafara ka tarar babu kowa a wurin nan."

To ga shi na zo, Malam, a gaban kowa. Na gode, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri, ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma matasan da za ku gaji shirin, da mu da kowannenmu ya zama gidan rediyo da wayarsa, mu ji tsoron Allah mu yi koyi da dattijon nan. Daga wata mai zuwa ba ya kan titi, wanda duk muka ƙaga wa ƙarya babu mai bin jarkarsa sai mu.