Rigar da Na Fizga a Layin Maƙeran Hanoi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Malam Sule Maƙeri na Bungudu, kuma har yau in babur ya taho ta bayana sai gabana ya faɗi.

Fataucin riɗi ya kai ni Biyetnam, ni kuma na matsa masa ya raka ni. A tsohon garin Hanoi kowane lungu da sana'arsa. Da Sule ya ji akwai layin masu ƙera kwano da bokiti, ya ce ba zai ci abinci ba sai ya gani. Layi ne matsattse, ana ta ƙwanƙwasa a bakin ƙofofi. Ya tsaya gaban wani tsoho yana naɗe bakin bokiti, ya ce, "Alhaji, dubi hannunsa. Wallahi haka Baba yake yi."

Ni kam babura nake kallo, don ba su tsaya wa kowa. Tafintanmu ya riga ya gargaɗe mu: in za ka ƙetare titi, tafi a hankali, kada ka tsaya, kada ka koma baya, su za su kauce maka. Sule ya bi maganar. Ni da na saba da 'yan kabu-kabun Gusau, muna tsakiyar titi tsoro ya kama ni, na fizgo rigarsa baya. Mai babur da ya auna zai bi ta bayansa ya same shi a ƙugu.

Da muka dawo na ce wa iyalinsa shi ya tsaya kallon kwanuka. Yana zaune da sandarsa na faɗi haka. Bai ce uffan ba. Bai sake iya zama a maƙera ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in motarmu ta kama hanyar Tsafe kowa ya yi tsit yana addu'a don tsoron 'yan bindiga, nakan ce ko me Sule zai ce, shi da yake zuwa Gusau a keke ba fargaba. Amma ba mutanen daji suka fi ba ni tsoro ba. Tsorona in mutu da ƙaryar nan a bakina.

Maƙerarsa ta zama shagon cajin waya. Shirun da ya yi mini ne bai tsufa ba.

Makon jiya na je na faɗa wa matarsa, Inna Hassi, gaskiya. Ta ce, "Ya gaya mini tun ranar da kuka sauka. Ya ce in bar ka, za ka zo da ƙafarka."

Na roƙe ta gafara.

"Shi ya yafe tun tuni," in ji ta. "Ni ce ban gama ba, Alhaji."