Safiyar da Aka Hana Mu Riƙe Mata Hannu

'Yar yayata ba ta gani sai dishi-dishi. Tana aji uku a firamaren ƙauyenmu, kusa da madatsar Goronyo, aka turo malamar makafi daga Sakkwato ta auna irin taimakon da take bukata. In mai yawa ne, sai makarantar kwana a birni. In kaɗan ne, ta zauna gida, malama ta riƙa zuwa. Tun da yayata ta ji haka tuwo ya daina shigar mata.

Na zaci da wata na'ura za ta zo. Ina! Da sassafe ta iso, ta zauna kan tabarma, ta ce, "Yau kowa shi naɗe hannu. So ni kai in ga abin da ɗiyag ga ta ka iyawa ita ɗai."

Raina ya ɓaci. Yarinyar da ko buta ba mu bari ta ɗauka?

Ta saka kayan makaranta, ta fita, muna biye da ita daga nesa. Hanyar siririya ce, ta ratsa tsakanin fangalan albasa, ga ruwa dama da hagu. Ta tsaya ta saurari injin ban ruwa, ta karkata. Jaki ya taho da kaya, ta raɓe tun bai iso ba. Yayata ta damƙe min zane, sai salati take yi. Ni kuwa ban taɓa ganin ikon Allah kusa da ni haka ba.

A aji ne abin ya tsaya. Malaminsu ya hau rubutu a allo, yara suka duƙufa, ita kuma ta manna littafi a hanci har hawaye ya zubo.

Malama ta juyo wajen yayata. "Nan aikina ya ke. Karatu da yatsa ɗai ta ka bukata, ina zakuwa duk mako. Ba ta tahiya birni."

Da aka tashi, yayata ta rungume 'yarta tana kuka. "Ke, yaushe kinka san hanyag ga?"

"Tun tuni, Inna. Na dai lura in ban ba ki hannuna ba, hankalinki ba shi kwanciya."