Rigar Sanyi a Watan Agusta

Ranar an yi zafin da rabonmu da irinsa a yankinmu na Tokachi an jima, ko ganye ba ya motsi. Ina zaune a rumfata sai ga maƙwabcina Kamada Toyoji, manomin wake, cikin rigar sanyi mai kauri har da hular kunne, bindiga a jaka, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Na ce, "Toyo-san, zazzaɓi ne ko tsufa?"

"Kai dai ɗauko sukundireba," in ji shi.

Shekara goma ya yi da bindigar tsuntsaye kafin a ba shi izinin riƙe ta barewa. Da zai sayi madubin saiti, abokan farauta suka ce ya ɗauki mai kaurin bututu, milimita talatin. Ya ɗaga, ya ajiye, ya zaɓi siririn, inci ɗaya, da zobban ɗaure shi a bindiga da suka yi masa daidai. Wai shi zai yi dakon bindigar a dusar ƙanƙara, ba su ba.

A nan bai yi kuskure ba. Kuskurensa shi ne ya ɗaura madubin yana sanye da singileti. Sanyi ya zo, ya sa riguna huɗu, kafaɗa ta yi tudu, ido ya yi nisa da madubi. Barewa ta tsaya masa, ya leƙa, duhu kawai. Ya miƙa wuya ya harba, bindigar ta zaburo baya, madubin ya fasa masa gira, barewar ta yi gaba abinta.

Matarsa Fusae ta ce, "Baban yara, barewa ta ci wakenmu, bindiga ta ci fuskarka. In bana ma babu nama, a mayar da ita."

Shi ya sa ya zo min haka, don mu gyara zaman madubin yana sanye da kayan sanyinsa. Ya kwanta rub da ciki, ya rufe ido, ya ɗora kunci a gindin bindigar, ya buɗe idon. Ni kuma ina tura madubin baya kaɗan kaɗan. Sai da muka yi sau tara ya ce, "Tsaya nan!" Na ɗaure zobban a hankali don kada bututun ya lotsa. Fusae ta kawo kankana, ta tsaya tana dariya har da riƙe ciki.

A Nuwamba ya kayar da namijin barewa a bakin kurmi, harbi ɗaya. Fusae ta dafa naman da miso, wato daddawar waken soya, ta aiko min tukunya guda, ba ta sake maganar mayarwa ba.

Yanzu shekarunsa saba'in da shida. Yana nan a gonarsa, kuma yana fita farauta duk lokacin sanyi.