Bel ɗin da Mama ta riƙe da hannu

Zan fara da roƙon afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya faru shekaru kaɗan da suka wuce, kuma tun daga lokacin na ji an ba da shi ta hanyoyi daban-daban, har wani lokaci nakan yi shakkar ko abin da ke cikin kaina shi ne abin da idona ya gani. Mai yiwuwa na rikita wasu ƙananan abubuwa, kamar wace ce ta zauna kusa da wace, ko kuma ruwan sama ya fara tun muna gari ne ko sai da muka kama hanya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na ikilisiyarmu.

A lokacin ni sabuwar amarya ce a Kafanchan. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na samu aikin koyarwa a wata makarantar sakandare ta wajen Kagoro, sannan na yi aure na shiga zumuntar mata ta ikilisiyarmu, inda na zama 'yar autar kowa. Ni mai fargaba ce tun ina ƙarama, irin wadda za ta kulle ƙofa ta yi nisa sannan ta dawo ta duba ko ta kashe risho. Ga shi kuma ba na son a ce daga zuwana gidan miji na fara nuna wa mutane boko. Ina jin waɗannan halaye nawa su ne suka ɗaure mini baki a ranar da ya kamata in buɗe shi.

Wan mijina direba ne. Yana da ƙaramar bas da yake haya da ita zuwa Abuja ta hanyar Jere, kuma duk lokacin da zumuntarmu za ta yi tafiya shi ake kira, don yana yi mana ragi kuma yana haƙuri da jinkirinmu. Gaskiya mutumin kirki ne, mai ban dariya, mai kyauta. Jami'an kiyaye haɗurra da ke tsayawa a hanya da na'urar auna gudu, surukai yake ce musu. Wai ai suruki ba a wuce shi a guje, sai ka rage tafiya, ka sunkuyar da kai, ka gaishe shi da ladabi, in ka sha kwana kuma ka ci gaba da harkarka. Shi da abokan sana'arsa suna da tsarinsu. Motar da ta fito daga inda jami'an suke za ta ƙifta wa mai zuwa fitila, direban ya nuna ƙasa da yatsa, shi ke nan an gane. Na'urar da aka sa wa motocin haya don kada su wuce ƙa'idar gudu kuwa, da bakinsa ya taɓa faɗa mana a gida cewa bakanikensa ya sa ta barci, sai ranar da za a duba mota ake tashinta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. A wurinsu hatsarin da ke kan hanya shi ne tara, kuma direban da ya iya aiki shi ne wanda ba a taɓa rubuta masa takarda ba.

Ranar wata Asabar ce a cikin damina. Za a ɗaura auren 'yar wata daga cikinmu a Gwantu, mu ne kuma za mu raira waƙar shigowar amarya. Kamar kullum muka makara, wannan tana jiran ɗinki, waccan ta manta ɗankwalin zumunta ta koma gida. Shugabarmu, wadda kowa ke kira Mama, dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ce kuma mai buga tulu, wanda in bai yi sauti ba waƙarmu ba ta tashi. Saboda ciwon gwiwa aka ba ta gaba, jikin ƙofa, tulun a tsakanin ƙafafunta. Ni aka sa a tsakiya, tsakaninta da direba. Da Mama ta jawo bel za ta ɗaura sai ya ƙi shiga, ashe maƙalarsa ta daɗe da lalacewa. Wan mijina ya ce kada ta damu, ta sake shi ta sha iska, in ta ji ya ce surukai sai ta jawo shi ta riƙe a gefen ƙugunta ta rufe da gyale, ba mai ganewa daga waje. Ni kuma ya ce tunda idon 'yan boko ya saba da ƙananan rubutu, aikina shi ne in riƙa duba masa motocin da ke zuwa, in na ga an ƙifta fitila in faɗa.

Daga inda nake zaune ina ganin maleji, agogon da ke nuna gudun mota, sarai. Tun kafin mu kai Gidan Waya allurar ta haye inda ban taɓa ganin ta kai ba a motar da nake ciki, sitiyarin yana rawa a hannunsa, ga yayyafi. Na yi ta tauna maganar a bakina, daga ƙarshe na ce masa a hankali, Yaya, ko za a ɗan sassauta tunda kwalta ta jiƙe. Ya fashe da dariya, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce jama'a ku ji amaryarmu, ashe har darasin tsoro ake koyarwa a jami'a. Ya ce shi ya fara bin wannan hanya tun ina tallar gyaɗa, kuma ko sau ɗaya surukai ba su taɓa kama shi ba. Motar ta ɗauki shewa. Wata daga baya ta ce in bar ɗan mutane ya taka, ko so nake mu isa ana wanke tukwane. Wata ta ce ai mun yi addu'a kafin mu tashi, jinin Yesu ya rufe mu. Mama ma ta dafa gwiwata ta ce 'yata kwantar da hankalinki, ta ɗauko waƙa, aka amsa. Na mai da idona kan hanya, na ci gaba da aikin da aka ba ni.

Akwai wata gangara da ke ƙarewa da kwana, ba zan iya rantsuwa a kan daidai wurin ba. Muna cikin gangarar wata ƙaramar mota ta fito daga kwanar tana ƙifta fitila. Ni ce na fara gani, ni ce kuma na ce an ba da wuta. Wan mijina ya ce surukai! Mama ta jawo bel ta riƙe da hannu biyu, shi kuma ya danne birki gaba ɗaya don allurar ta sauko kafin na'urarsu ta gan mu. Abin da na tuna shi ne bayan motar ya juyo kamar zai riga gaban, waƙa ta koma ihu, sai muka faɗa rami muka daki gaɓar ƙasa. Ni na tokare da hannuwana, na tsira da targaɗe da tsagewar leɓe. Mama ba ta da hannun tokarewa, duka biyun suna riƙe da bel ɗin da bai riƙe ta ba. Kanta ya fasa gilashin gaba, kafaɗarta ta dama da damtsen suka karye. Tulun kuwa ya gangara cikin ciyawa, ko ƙwarzane bai yi ba.

Waɗanda suka fara isowa a guje su ne jami'an nan da muke ɓuya wa. Su suka fito da Mama, suka ɗaure mata kai, suka sa ta a motarsu zuwa asibiti. Ɗayansu ya tsuguna a gabana, ya ce 'yar'uwa ke ce a gaba, me ya faru. Kafin in buɗe baki wata daga cikinmu ta ce akuya ce ta tsallaka. Na ɗaga kai na ga wan mijina tsaye, jini a goshinsa, yana kallona. Sai na ji bakina yana cewa ban gani sosai ba, abin ya zo da sauri. Wannan amsa ita ce take hana ni sakewa har yau.

Bayan 'yan makonni aka yi sujadar godiya a coci, tunda ba a rasa rai ba. Wan mijina ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida da hawaye, ya ce wata baƙar akuya ce ta faɗo masa daga daji. Kafin wata ya ƙare na ji wata tana ba da labarin a kasuwa, akuyar ta zama fara, har da 'ya'yanta a baya. Wasu suka ce ba akuya ba ce, maƙiya ne suka rikiɗa don kada a yi auren. Waɗanda ba su karɓi zancen akuya ba kuma suka ɗora laifin kan jami'an, wai don me za su laɓe bayan kwana suna firgita direbobi, da ba su tsaya a wurin ba da mun isa lafiya. An yi maganar tulun da bai fashe ba a matsayin al'ajibi. Ban ji mutum ɗaya ya ambaci maleji ba, balle maƙalar bel.

Na yi ƙoƙari, ko da yake ban sani ba ko ya isa a kira shi ƙoƙari. Na faɗa wa mijina, ya ce ya yarda da ni, amma me nake so a yi, a ƙwace lasisin yayansa yaransa su ci me. Uwar mijina ta kira ni ɗaki ta ce 'yata, gidan da ka shiga ba ka ɗaga masa rufi, wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Daga baya na tattara ƙarfin hali na je wurin wani dattijon ikilisiya, tunda su ke amincewa da motar da zumunta za ta hau. Ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko na tabbata ba akuya. Nan halina ya kayar da ni. Maimakon in ce babu, sai na ce ni dai ban gan ta ba, wataƙila ta wuce ta gefen da ba na kallo, amma ina jin gudun ya yi yawa. Ya yi murmushi ya ce Malama, tunda ke ma ba ki tabbata ba, kada mu ɓata sunan ɗan'uwa a kan ina jin da wataƙila, mu bar wa Ubangiji. Na fito ina jin haushin kaina fiye da na kowa. Masu ƙarya suna magana da gaba gaɗi, ni da na gani da idona ina ta kame-kame.

Da aka sallami Mama na je gaishe ta. Hannun ya haɗe amma bai dawo ba, yatsun ba sa dunƙulewa, ko cokali da hagu take riƙewa. Muna zaune mu kaɗai sai ta ce mini ita fa ba ta ga wata akuya ba. Na ce to Mama me ya sa ba ki faɗa ba, ke ai za a ji maganarki. Ta ce da wane baki, ita da ta yi shekaru tana ɗinke waɗanda aka kwaso daga kan hanya, ta zauna ta riƙe bel da hannu kamar yarinya tana wasan ɓuya, kuma ita ce ta ce in yi shiru. Sai ta yi 'yar dariya ta ce amma fa ta riƙe shi da kyau, da surukan sun gani da sun yaba. Ban iya dariyar ba. Yanzu ranar Lahadi tana zama a layin gaba, wata ce ke buga tulun, ina ganin hannun hagunta yana bin kiɗan a kan cinyarta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne har yau motar nan ce ke ɗaukar zumuntarmu. An sa sabon gilashi, an yi fenti, an rubuta ayar godiya a baya. Kwanan baya da aka ajiye ta a harabar coci na buɗe ƙofar gaba na gwada bel ɗin, maƙalar tana nan yadda take. Ni na daina shiga, nakan bi wata motar in same su a can, suna ce mini mai digirin tsoro. To amma rashin shigata bai tsare kowa ba, wata uwar ce ke zama a kujerar.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne mun mai da dokar gudu wasan ɓuya tsakaninmu da jami'ai, mun manta cewa kwalta ba ta san an ƙifta fitila ba. Ban ce jami'an hanya ba su da nasu laifin ba, wannan zance ne na wata rana. Amma direban da ke alfahari ba a taɓa kama shi ba, ku tambaye shi ko don yana tafiya a hankali ne ko don ya iya taka birki a makare. Ku da kuke ƙifta fitila kuna ganin zumunci kuke yi, ku sani wani lokaci kuna sa mai gudu ya danne birki a inda birki ke kisa. Mu fasinjoji kuma, musamman mu mata masu makara sannan mu ce a taka, addu'a ba ta zama lasisin gwada Ubangiji ba. In bel bai shiga ba, ki sauka. In kin ga allura ta haye, ki yi magana da ƙarfi, kada ki yi irin tawa mai ko za a ɗan.

Motar a cike take ranar, kuma na san wasu daga cikin waɗanda ke ciki suna karanta wannan mujalla, haka ma wataƙila direban ƙaramar motar da ya ba mu wuta, ko jami'in da ya tsuguna a gabana. In na yi kuskure a kan wurin, ko yanayin ruwan, ko wadda ta faɗi kaza, ina roƙo ku rubuto wa edita a gyara, zan karɓa da godiya. In kuma akwai wadda ta ga abin da na gani a maleji, don Allah ta rubuto ko ba suna, don in koma wurin dattawa ba ni kaɗai ba kafin tafiya ta gaba. Wadda kuma har yanzu ta tsaya a kan akuya, ita ma ta rubuto, amma ta fara zama da sauran su daidaita a kan launinta.