Muryoyin da na sa a bayan Mama

Tun ina goye Mama ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a unguwar Narayi. Ita ke ɗagawa, sauran su amsa. Sai aka yi mata aiki a maƙogwaro. Muryar ta dawo, amma ba duka ba. A ƙasa lafiya lau, da ta nufi sama sai ta tsinke, iska kawai ke fita. Ranar mata ta ƙarato, ta ce ita za ta ba da waƙa kamar kullum, kuma duk wanda ya san Mama ya san ba a ja da ita.

Ni ke kaɗa kibod a cocin. Kibod ɗin tsoho ne tukuf, fiyanonsa kamar ana buga kwano, shi ya sa na sayi tabulet na hannu na sa masa manhajar da ke ɗora sauti a kan sauti. In na haɗa su da waya na danna maɓalli ɗaya, fiyano ya fito, goge ya biyo bayansa. A ciki akwai wani sauti na muryoyin mata suna jan "aaa". Shi na ɗauka. Na yi ta rage masa kaifi a ɗakina da abin sawa a kunne, har ya yi kusa da muryar Mama. Dabarata ita ce in bi waƙarta a hankali da hannun dama, in ta zo wurin hawan sai in ɗaga muryoyin su rufa mata asiri. Ban gaya mata ba. Da wane baki?

Abin da ya hana ni sakat, tabulet ɗin yana da nawa. Sai ka danna ya yi ɗan tunani tukuna ya amsa, in ya ji zafi kuma ya daskare. Ga Mama ba ta bin kowa, tana jan kalma yadda ta ga dama. In muryoyin suka riga ta, ko suka makara, kowa zai gane, kuma wannan kunyar ta fi ta tsinkewar murya. Satin nan ko abinci ban ci na kirki ba.

Ranar, coci ya cika maƙil, mata sun sha anko. Babu wuta, janareta bai iya ɗaukar fankoki ba. Na taɓa bayan tabulet na ji ya ɗau zafi. Aka fara buga tulu da kacau-kacau, Mama ta karɓi makirufo. Baitin farko ya wuce lafiya. Ni ban ma kalli hannuna ba, kafaɗunta nake kallo don in ga inda za ta ja numfashi. Da na ga sun ɗaga, na danna kafin ta buɗe baki, na tura sautin sama da yatsa mai gumi.

Muryarta ta tsinke. Ni da ke kusa na ji. Amma muryoyin suka faɗo daidai wurin, suka haye, suka riƙe har ta sauko. Guɗa ta tashi. Da aka fito mata suka yanyame ta, kowa na cewa Allah ya mayar mata da muryarta.

A keke mai ƙafa uku muna komawa gida, da muka kusa layinmu sai Mama ta juyo ta tambaye ni.

"Wa ya hau wurin nan?"

"Ke ce mana, Mama."

"Kai, ɗan nan, ni na haife ka. Na buɗe baki ba abin da ya fito, sai na ji waɗansu mata suna yi mini waƙata."

Na shiga yi mata bayanin waya da manhaja, ina ta kame-kame. Ta bar ni na gama.

"Sun iya," ta ce. "Amma da ka bar ni na faɗi, da 'yan'uwana sun ɗauke ni. In murya ta gaza, na baya ke shigowa, haka muke yi wa juna tun kafin a haife ka. Yau ba su san ina nemansu ba. Yanzu duk Lahadi za su jira in hau."

Na ce ai zan iya yi mata haka kowace Lahadi.

Da aka taru gwajin waƙa na gaba, ta miƙa wa wata makirufo, ta koma layin masu amshi. Ba ta sake ba da waƙa ba.