Arzika da Igiyar Ƙugun Zuliha

Arzika masunci ne a wani ƙauye kusa da Wara. Cikin kwale-kwale ya girma, bai taɓa hawa keke ba sai da ya haifi 'ya'ya huɗu. Duk rani ruwan Kainji yakan janye ya bar gari can kan tudu, mutum ya sha tafiya kafin ya kai jirginsa. Shi ya sa ya sayi keken.

Yadda yake loda jirgi haka ya riƙa loda keke: taru a kan kariyar baya, kwando biyu a gefe, jarka ɗaya rataye a gaba, sannan autarsa Zuliha, 'yar shekara huɗu, a saman taru. A gidansu, in za a shiga ruwa da ƙaramin yaro, ana ɗaura masa igiya a ƙugu a haɗa da kaya, don kada ya leƙa ya faɗa. Haka ya yi mata a keke.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, wanga ba jirgi ba ne fa. Ƙafa biyu gare shi."

"To ni nawa gare ni? Kin taɓa ganin na faɗi?"

Wata rana da hantsi suka nufi bakin ruwa, Tabawa tana biye a ƙasa da kwanon gyaran kifi. A tsakiyar gangara, bakin tarun mai dalma ya sulluɓo ya shiga tayar baya. Taya ta fara naɗe taru, taru yana jan igiya, igiya tana jan yarinya.

"Baba!"

Ya waiwaya, ya ga kanta ya sauko daidai da sirdi, ƙafarta ɗaya tana gogar wayoyin taya. Ya matse birki, yashi ya kwashe keken, suka zube gaba ɗaya.

Zuliha ba ta yi kuka ba, abin da ya fi razana shi ke nan. Tana ƙarƙashin kaya, ido waje, igiya ta shaƙe mata ciki. Ƙullin masunta ya yi, irin wanda in an ja yake ƙara ɗamewa. Ya sa yatsu, ƙulli ya ƙi kwancewa. Ya sa haƙori. Wuƙarsa kuwa tana can cikin jirgi.

"Tabawa! Wuƙa! Kawo wuƙa, ɗiyarki ba ta numfashi!"

Ta zaro wuƙar gyaran kifi, ta watsar da kwano, ta iso a guje tana salati, ta yanke igiyar da taru duka. Yarinyar ta ja numfashi, ta yi tari, sannan ta ƙwala ihu, "Inna!" Arzika ya zauna daɓas a yashi.

Wayoyin taya bakwai suka tsinke. A asibitin Wara aka yi wa diddigenta ɗinki biyar.

Bai sake hawa keken ba sai da wani kafinta, Andrew, ya ƙera masa kujerar katako a gaba, mai jingina da matakan ƙafa biyu, ya kuma rufe gefen tayar baya da falanki. Yanzu taru cikin buhu yake shiga, a ɗaure bakin, kuma ba ya haɗa yaro da kaya: sawu ɗaya na kaya, ɗaya na yara. Abokansa masunta suna yi masa tsiya wai ya zama ɗan acaɓar gidansa.

Zuliha tana takawa lafiya. Amma har yau, da sun iso bakin gangarar nan sai ta ƙanƙame masa riga. Shi kuma ya sauka, ya tura keken da hannu har ƙasa.