Aikenka Aka Yi, Kawu Evaristo

Ranar Asabar, sha takwas ga watan Janairu, da yamma, aradu ta faɗo wa kawuna Evaristo Ludueña a tsakiyar filin golf na garinmu, yana saɓe da jakar sandunan wani. Kafin motar asibiti ta zagayo ta ƙofar ma'aikata, rai ya yi halinsa. Shekararsa hamsin da takwas, kuma tun yana yaro yake bin masu kuɗi a baya da jakunkunansu a wannan fili. Ranar Litinin muka kai shi makwancinsa.

Fada Anselmo ya ce in rubuta 'yan kalmomi a takardar majami'a ta wannan makon, wai ni ce mai karatun gidanmu. Ina jin ya zaci zan kawo kalamai masu taushi irin na littattafan da nake karantawa. Na gwada, hannuna ya ƙi. Ka yafe mini, Kawu, fushi nake, kuma da fushin zan rubuta.

Amma bari in fara da kai, kafin in zo kansu.

Lokacin da mahaifina ya tafi kudu aikin haƙar mai bai dawo ba, kai ka zo da motar wani maƙwabci ka kwashe mu, ni da Mama, ka ba mu ɗakin baya. Matarka Anti Nélida ta cire keken ɗinkinta daga ciki ba tare da ta ɓata rai ba. Ban taɓa jin ka ambaci wannan a gaban kowa ba. Kai ne kaɗai a gidan ba ka taɓa ce mini "ki ɗaga murya" ba. In na yi magana sai ka sunkuyo. Duk sanda ka sauka birnin Córdoba sai ka tsaya wajen mai tsofaffin littattafai na bakin tasha ka sayo mini na soyayya. Da hoton bango kake zaɓa, shi ya sa har sau biyu ka kawo mini wanda nake da shi. Da na gaya maka, cewa ka yi, "To ki sake karantawa mana, ƙila wannan karon yarinyar ta gane mutumin banza ne." Kai ka samo mini aikin ƙarshen mako a rumfar ruwa da ke gefen wurin bugun farko na rami na goma. Ka ce, "Can babu mai sa ki hira, 'yata. Miƙa kwalba, karɓi godiya in an yi, koma wa littafinki."

Ba ka shan taba, ba ka caca. Abu ɗaya ne jarabarka a duniya: musu a kan wasan Lisandro Carranza.

Kowa a garinmu na cewa shi ya koya wa Carranza riƙe sanda tun kafin ya zama cikin manyan 'yan wasan duniya. Kai dai ka ce abin da ka sani shi ne ka taɓa jan kunnensa da ya saci lemunka. Duk Lahadin da yake wasa a ƙasar waje, sai ka jawo talabijin bakin taga, nama na kan wuta, ƙoƙon shayinmu na mate na zagayawa, amininka Pocho, wanda kuka tsufa tare a ɗaukar jaka, ya baje a kujerar da ya san taka ce. Ba a minti biyar sai an fara.

"Ludueña, ka daina yaudarar kanka," in ji Pocho. "Yaron nan daga nesa zaki ne, na yarda. Amma ajiye shi taku biyu daga rami, ka ga kazar da ruwa ya daka. Wallahi surukata da tsintsiya sai ta jefa wannan."

"Surukarka da ta kasa rufe maka baki shekara talatin? Hannunsa lafiya lau, tsoho. Kunne ne ba shi da shi."

"Kunne ne ke tura ƙwallo?"

"Ba ni maten nan, ka riƙe shi kamar gadon ubanka."

Na haddace hujjojinka ba da niyya ba. Kana cewa babu mai rai da ya kai shi buga sandar ƙarfe ƙasa-ƙasa cikin iska, ƙwallo ta tafi kamar an ja zare. Kana cewa in ta faɗa masa cikin yashi, yakan ɗauko ta kamar mai zare ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Aibinsa ɗaya a wurinka, ba ya iya bin hanyar lafiya. In ya ga ruwa tsakaninsa da rami sai ya ɗauka zaginsa aka yi, mai jakarsa na cewa a tsaya baya, shi yana zaro sandar tsallakewa. Ba kullum kake da gaskiya ba. Na sha ganin ya ɓarar da ƙwallon da ke dab da rami, kai kuma ka ɗora wa ciyawa, ko mai ɗaukar hoto, ko sanyin ƙasar Turawa. Anti takan leƙo daga kicin ta ce, "Shi yana can yana kwasar dukiya, ku kuna nan kuna ƙona mini nama." Ni kuwa ina gefe, ba ruwana da kunnensa ko hannunsa, yadda yake cire hula ya shafa gashi nake kallo. Ka sani, ba ka taɓa tona ni ba.

Wannan musu a gidanmu wasa ne na masu ƙaunar juna. A fili kuwa, akwai wanda ya mai da shi abin sayensa. Dokta Gervasio Achával, lauya, ba ya yarda kowa ya ɗaukar masa jaka sai kai, domin kai kaɗai kake mayar masa da magana. Yakan ce wa abokansa, "Ku saurari Ludueña, ya fi rediyo." Yana jin daɗin ka ja da shi, muddin shi zai yi maganar ƙarshe.

Satin da ya gabata Carranza ya rasa wata babbar gasa da bugu ɗaya, a ramin ƙarshe, ya so ya tsallake tafki ƙwallo ta nutse. Ranar Asabar ɗin, tun daga nesa nake jiyo muryar Dokta kuna tahowa rumfata. Shi yana cewa shawarar tsallakewa daidai ce, kafaɗar Carranza ce ke saurin buɗewa, ya gani a hoto an rage gudu. Kai kana cewa kafaɗa ba ta da laifi, iska ce ke fuskarsa, kuma mai hankali ba ya gwada wannan tazara ranar.

Hadari ya riga ya haɗo ta kan duwatsu, baƙi ƙirin, tsuntsaye duk sun yi shiru. Sai jiniyar kulob ta yi kuka. Kowa ya san ma'anarta: a ajiye sanda, a nemi rufi. Pocho da mutumin da yake yi wa ɗauka suka shigo rumfa. Dokta bai shigo ba. Ya nuna rafin da ya ratsa rami na goma, ya ce tazarar kusan ɗaya ce da ta tafkin, shi zai nuna maka yadda ake riƙe kafaɗa.

Ka ce, "Dokta, jiniya fa."

Ya ce, "Ƙwallo ɗaya, Ludueña. Ko tsoron kunya kake ji? Miƙo sanda."

Ka miƙa. Ya buga, ƙwallo ta faɗa rafi. Ya ce ƙafarsa ce ta zame, a ba shi wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ma haka. Ka tsaya da jaka a kafaɗa, ba ka yi dariya ba, sama kawai kake kallo. Duk wanda ya san filin nan ya san mai ɗaukar jaka ba ya ajiye jaka, ba ya kuma barin wurin kafin maigidansa. Wanda ya yi haka, sai ya yi makonni a benci yana kallon ana kiran wasu.

Da ruwa ya sauko, wani abokin Dokta ya zo da ƙaramar motar fili mai kujera biyu. Dokta ya haye, ya juyo ya ce, da ƙarfi, har na ji shi duk da rugugin kwano: "Ƙwallayen nan sababbi ne. Je ka tsamo mini su, ka same ni a mashaya. Ba mu gama maganar nan ba."

Ka dube ni, Kawu. Ka ɗaga gira kamar yadda kake yi in Anti ta fara faɗa. Sannan ka gyara jaka mai cike da ƙarfe, ka gangara fili fetal inda babu abin da ya fi ka tsawo. Ba zan rubuta abin da na gani bayan nan ba. Ba na kuma son a sake tambayata.

Washegari kulob ya liƙa sanarwa a ƙofa, da baƙin ƙyalle a kusurwa. Wai suna baƙin cikin rasuwar tsohon ma'aikacinsu, wanda "ya koma fili don kansa bayan an busa jiniya, domin tsintar ƙwallaye a rafi." Don kansa! Kowa ya gane abin da ake nufi, tunda an san masu jaka kan tsinci ƙwallo su sayar. Kafin azahar magana ta zaga gari. A gidan burodi na ji wata mata na cewa, "Allah sarki, kwaɗayin ƙwallo uku." Mutumin da ya shekara arba'in yana koro yara daga fili da zarar ya ji ƙamshin ruwa, shi aka mayar wawa mai kwaɗayi, tun gawarsa ba ta huce ba.

Wannan bai ishe su ba. Dokta ya zo gidan makoki da furanni waɗanda sai da mutum biyu suka ɗauko. Ya rungume Anti, ya ce ya yi rashin aboki. Sannan ya tsaya taku kaɗan daga akwatinka, shi da wasu 'yan kulob biyu, na ji da kunnena yana cewa, "Marigayi ya san wasa, ba a ƙwace masa. Amma a kan Carranza ya yi kuskure. Kafaɗa ce." Ya samu maganar ƙarshen da yake so, a kan mutumin da ba zai iya amsawa ba. Mama ta kama hannuna ta fitar da ni waje.

Ban san wa ke da gaskiya tsakaninku ba. Kafaɗa ce, kunne ne, iska ce, ban damu ba. Carranza yana can wata nahiya, bai ma san an yi ba. Abin da na sani, ba a taɓa yin musun da ya kai ran mutum ba, kuma wanda ya biya wannan ba shi ya nace ba.

Manajan kulob ya tara ma'aikata ranar Talata, ya ce lokacin jimami ne, kada a ji kowa yana "ƙirƙirar labari". Bai kalle ni ba. A ganinsa yarinyar rumfa ba ta magana, kanta kullum cikin littafi. Mama ya kalla, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana wanke musu tawul da ƙyallen tebur, kuma da wannan wanki muke ci. Pocho ma ya ji abin da na ji. Ya zo gida ya zauna a dakali, ya ƙi shiga, yana murza hularsa. Ya ce, "Yamila, jikoki huɗu ke hannuna." Ban riƙe shi ba, Kawu, kai ma na san ba za ka riƙe shi ba. Masu sa tsoho ya zaɓa tsakanin amininsa da tukunyarsa su na riƙe.

Na gaya wa Mama komai muna shanya. Na ce in na faɗa, aikinta ne zai tafi. Ta daɗe tana matse riga ɗaya wadda ta riga ta bushe. Sannan ta ce, "Yayana ne kafin ya zama kawunki. Sa takalminki."

Ranar Laraba muka je ofishin mai gabatar da ƙara, na ba da shaida. Sau biyu matar da ke rubutawa ta ce in maimaita, ba ta ji ba. Na maimaita. Ranar Alhamis aka aiko wa Mama cewa ta huta a gida tukuna, aiki ya yi ƙaranci, a tsakiyar lokacin baƙi. Ni ko aiko mini ba a yi ba. Mama ta ce, "Datti bai ƙare a duniya ba, wanki ma ba zai ƙare ba." Ban san abin da hukuma za ta yi ba. An ce Dokta ya san kowa. Ya san su. Amma duk wanda ya ɗauki takardar nan a bakin majami'a, ya karanta da kyau: Evaristo Ludueña bai koma fili don kansa ba. Bai ƙi jin jiniya ba, shi ne ma ya tunatar. Aikensa aka yi, ina wurin, na ji, kuma na faɗi sunan wanda ya aike shi.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Evaristo. Ka gafarta masa kurakuransa, ka sauke masa duk wani kaya, ka ba shi hutawa ta har abada cikin haskenka. Anti Nélida, Allah ya ba ki haƙuri, ya riƙe ki yadda kika riƙe mu. Ga 'ya'yansa Rubén da Marisa, da Mama, da Pocho, da duk masu ɗaukar jaka da suka saɓa akwatinsa suka ƙi yarda a sa shi a mota, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya tsare ku a wannan fili.

Fada Anselmo ya ce mu yi wa waɗanda suka cuce mu addu'a. Zan yi, Fada, in Allah ya sanyaya mini zuciya. Yau dai wannan kaɗai nake iyawa: Allah ya sa ya faɗi gaskiya da bakinsa tun yana da rai.

Ka huta lafiya, Kawu. Amin.

Yamila Ferreyra Ludueña